Awon Nisa Da Haske: Abin Da Ya Hana Shi Shiga Motoci Da Wuri

Zancen yau a kan wata na'ura ne wadda ta ke auna nisan abu da haske, ba da igiya ko sarƙar safiyo ba. Turawa suna kiranta laida, hasken da ta ke aiki da shi kuwa suna kiransa leza. An san dabarar tun shekarun 1960, an kuwa daɗe ana cewa za ta zama idon mota, ta tsare rayukan mutane a kan hanya. Amma har yanzu yawancin motocin duniya ba su da ita. Dalilin wannan jinkiri shi ne abin da za a bayyana.

Zancen ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutane wajen miliyan 1.19 su ke rasa ransu ko wace shekara sabo da haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur, watau waɗanda direba bai gan su da wuri ba, ko kuwa ya gan su amma bai kimanta tazarar da ke tsakaninsu daidai ba. Duk abin da zai gaya wa mota cewa ga mutum can, mita kaza, ya cancanci a san labarinsa.

Yadda Ta Ke Aiki

Wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya san amsa-kuwwa. Murya ta kan tafi, ta bugi dutsen, ta komo. In dutsen yana kusa ta komo nan da nan, in yana nesa ta ɗan jima. Da wannan dabara jemage ya ke yawo cikin duhu ba ya karo. To, laida haka ta ke yi, sai dai da haske maimakon murya. Ta kan harba ɗan ƙyas na haske, ta jira ya bugi abu ya komo, sa'an nan ta lissafta lokacin da ya ɗauka.

Wuyar aikin tana wajen lissafin, gama haske yana gudun kilomita wajen 300,000 cikin sakan guda. In abu yana nisan mita 150, zuwa da komowa mita 300 ke nan, haske kuwa zai gama wannan tafiya cikin kashi ɗaya daga miliyan na sakan. Agogon da zai auna irin wannan lokaci ba na hannu ba ne. In ya yi kuskure da kashi ɗaya tak daga miliyan dubu na sakan, awon ya kauce da santimita 15.

Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1960. A 1969 'yan sama jannatin kumbon Apollo 11 suka ajiye wani irin madubi a kan wata. Ana harba masa leza daga ƙasa, hasken ya je ya komo cikin sakan biyu da rabi. Da haka aka gane cewa wata yana nisanta daga duniya da santimita 3.8 ko wace shekara. A 1971 kuma kumbon Apollo 15 ya auna tuddai da kwaruruwan wata da leza. Ashe dai dabarar ta kai wata tun ba ta shiga garejin kowa ba.

Tseren Hamada

Shigarta mota ta bunƙasa ne sabo da wani tsere da hukumar binciken sojan Amurka mai suna DARPA ta shirya don motoci marasa direba. A 2004 aka yi na fari a hamadar Mohabe. Ba motar da ta kai ƙarshe, wadda ta fi nisa ma mil 7 da ɗan kai ta yi. A 2005 aka sake, motoci biyar suka gama. Wadda ta ci, ta Jami'ar Stanford mai suna Stanley, ta yi mil 132 cikin ƙasa da sa'a bakwai, da laida biyar a kan rufinta, ta karɓi kyautar dala miliyan 2.

Cikin 'yan tseren akwai wani injiniya, David Hall, wanda kamfaninsa Velodyne ya ke ƙera lasifika. Shi ya yi tunanin jera leza 64 cikin gwangwani guda mai juyawa, don mota ta ga gaba da baya da ko wane gefe a lokaci ɗaya. Na'urar tasa tana auna wurare fiye da miliyan cikin sakan guda, ta fitar da siffar titi, da itatuwa, da mutane. A tseren cikin gari na 2007 motoci shida suka gama, biyar daga cikinsu da na'urarsa. Da kamfanin Google ya fara gwajin motarsa a 2009, ita ya ɗora. Mutane da yawa suka zaci saura kaɗan kowa ya samu. Ba haka ya zama ba, sabo da cikas guda biyar.

Cikas Na Fari: Tsada

Kuɗin wannan na'ura mai leza 64 ya kai wajen dala 75,000. A lokacin, wannan ya fi kuɗin sababbin motoci biyu matsakaita a Amurka. Dalili shi ne ko wace leza da abin da ke karɓar haskenta sai an saita su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, aiki mai cin lokaci da ƙwarewa. Kamfani mai gwajin motoci goma zai iya biya. Mai ƙera motoci miliyan ba zai iya ba, gama shi a kan ko wane ƙusa ya ke ciniki.

Nan aka shiga tsaka mai wuya. Kuɗi ba ya sauka sai an ƙera da yawa, ba a kuwa ƙera da yawa sai kuɗi ya sauka. Ko wane ɓangare yana jiran ɗayan. Ga shi kuma kyamara da na'urar rada, wadda ta ke awo da igiyar rediyo, sun riga sun shiga motoci, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Har wa yau akwai zancen ƙarko. Abin da ke juyawa dare da rana a kan rufin mota, yana shan zafin rana da sanyi da girgizar ramuka, lalle ya gaji. Mai mota kuwa yana so kayansa su yi shekara goma ko fiye ba a taɓa su ba. Kuma ba kowa ke son gwangwani mai nauyin kilo goma sha wani abu a kan motarsa ba. Sabo da haka masu ƙira suka koma neman wadda ƙaramin madubi ne kaɗai ke motsi a cikinta, ko wadda ba abin da ke motsi sam. A farkon 2017 shugaban Waymo, kamfanin da ya gaji aikin Google, ya ce sun rage kuɗin tasu da kashi 90 cikin ɗari. Duk da haka a lokacin dala dubbai ce, ba ta talaka ba.

Cikas Na Biyu: Hazo, Ruwa Da Ƙura

Laida ba ta damu da duhu ba, gama da fitilarta ta ke tafiya. Wannan shi ne babban fifikonta a kan kyamara. Amma abin da ke tare hasken fitilar mota yana tare nata. Ɗigon ruwan sama, da raɓar da ke tsayawa a iska, da ƙanƙara mai laushi ta ƙasashen sanyi, da ƙura, duka suna watsa haske. Wani ya komo tun bai kai ga abin da a ke nufi ba, na'ura ta ga kamar akwai bango a gabanta. Wani kuwa ya tafi ke nan, nisan ganinta ya ragu. In laka ko kashin tsuntsu ya rufe gilashinta, ta makance sai an wanke. Rada ba ta kai ta fitar da siffar abu ba, amma tana ratsa hazo da ruwa fiye da ita ƙwarai.

Wannan cikas ba baƙo ba ne ga wanda ya san hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta kan rufe sararin Kano har jirgin sama ya kasa sauka. Na'urar da aka gwada a sararin Arizona mai haske ba za a ce ta ci jarrabawa ba sai ta sha irin wannan hazo.

Launin abu ma yana da tasiri. Farin bango yana maido da haske da yawa. Baƙar taya da ta faɗo a tsakiyar titi, ko mutum mai baƙaƙen tufafi, kaɗan su ke maidowa. Kuma in nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke komowa ya kan ragu zuwa rubu'i. Watau abin da ya fi haɗari, baƙi kuma mai nisa, shi ya fi wuyar gani.

Cikas Na Uku: Lafiyar Ido

Mai sauraro zai ce, to me ya hana a ƙara ƙarfin hasken? Idon mutum ne ya hana. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana cin mita 33 ko wane sakan. In ta hango abu daga mita 200, sakan shida kaɗai gare ta ta gane shi, ta taka birki, ta tsaya. Don haka masu ƙira ke son gani mai nisa. Amma hasken da zai kai can da ƙarfi zai fara bi ta fuskar yaron da ke tsaye kusa da motar.

Ana auna irin haske da tsawon igiyarsa, da wani ma'auni ƙanƙane mai suna nanomita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin wajen 400 da 700. Yawancin laida suna aiki da 905, wanda ido ba ya gani. Nan haɗarin ya ke: tun da ba a ganinsa, ba a ƙiftawa, alhali kuwa yana ratsawa har can bayan ido inda gani ya ke, in ya yi yawa ya ƙona wurin. Sabo da haka ƙa'idar duniya ta sa iyaka ga ƙarfinsa, ko wace laidar mota dole ta zama a ajin da ba ya cutar ido.

Wasu kamfanoni suka koma ga haske mai lamba 1550. Shi ruwan da ke gaban ido ya kan shanye shi tun bai kai baya ba, don haka aka yarda a ƙara masa ƙarfi ninki da yawa, ya ga nesa. Amma abin da ke karɓarsa ba a yinsa da silikon mai araha irin na kyamara, sai da wasu ma'adinai masu tsada. An guje wa cikas na uku, an koma hannun na fari.

Cikas Na Huɗu: Awo Dabam, Ganewa Dabam

Laida tana faɗin nisa da siffa. Ba ta faɗin ko mene ne abin, balle inda ya nufa. Ba ta rarrabe jar fitila da koriya, ba ta karanta rubutun allo. Wannan aikin kyamara ne da kwamfutar da ke cikin motar. In kwamfutar ta ruɗe, ingancin awo bai tsinana kome ba.

An ga haka a daren 18 ga Maris, 2018, a garin Tempe na Arizona. Wata motar gwaji ta kamfanin Uber, mai laida da rada da kyamarori, ta buge wata mata da ke tura kekenta tana ƙetare titi, ta mutu. Hukumar binciken haɗura ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa na'urorin motar sun hango ta sakan 5.6 kafin karon. Amma kwamfutar ta yi ta sauya ra'ayi, ta ce mota ce, ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, ta ce keke ne, ba ta kuwa gane cewa abin zai shigo gabanta ba sai da lokaci ya ƙure. An riga an kashe birkin gaggawa na asalin motar, matar da aka ajiye a kujerar direba don ta sa ido kuwa hankalinta yana kan wayarta. An ga mutum, an auna nisansa, amma ba a tsaya ba.

Wannan haɗari ya taɓa amincewar jama'a ƙwarai. Kamfanin ya dakatar da gwaji na watanni, a ƙarshen 2020 kuma ya sayar da sashen ga wani. Darasin da ke ciki shi ne sayen na'ura shi ne mafi sauƙin aikin. Koya wa mota ta fahimci abin da ta auna, da horar da mutanen da ke lura da ita, su ne masu cin shekaru.

Cikas Na Biyar: Saɓani, Doka Da Siyasa

Masu ƙera motoci kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2019 Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya fito fili ya ce laida ɓata kuɗi ce, wanda ya dogara da ita ba zai kai ko'ina ba. Hujjarsa ita ce mutum da ido biyu ya ke tuƙi, tituna kuma don masu ido aka yi su, sabo da haka kyamara da kwamfuta mai kaifi sun isa. Hausawa ma sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Masu ja da shi suka ce ƙima ba awo ba ce: kyamara tana kimantawa ne, rana in ta yi ƙasa tana kashe mata ido, duhu kuma yana rage ta. Su a wurinsu sai an haɗa uku, kyamara da rada da laida, inda ɗaya ta gaza ɗaya ta rufa mata, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wannan tsari Waymo ya buɗe wa jama'ar Finiks tasi marar direba a watan Oktoba na 2020. Muddin manya suna gardama, ƙananan kamfanoni da masu saye su kan tsaya su ga inda za ta faɗi.

Doka ita ma a hankali ta ke tafiya, da dalilinta. Babbar tambayar ita ce, in mota tana tuƙa kanta ta yi ɓarna, wa za a kama? Audi A8 ta 2017 ta fito kasuwa da laida, amma kamfanin ya haƙura da sakar mata tuƙi sabo da dokoki ba su shirya ba. A Maris na 2021 Honda ta fitar da motar Legend a Japan da izinin gwamnati, guda 100 kacal. A Disamba na wannan shekara Jamus ta ba Mercedes izini, da sharaɗin a kan babbar hanya kaɗai, gudu kada ya wuce kilomita 60 a sa'a. Tsarin kuma a lokacin ba ya karɓar tuƙi da dare ko cikin ruwa. Waɗannan sharuɗɗa su kansu shaida ne ga cikas na biyu.

Sa'an nan siyasa ta shigo. Kamfanonin Sin, irin su Hesai da RoboSense, su suka fi kowa karya kuɗin, har ya sauko zuwa ɗaruruwan daloli, sabo da motocin ƙasarsu sun karɓi na'urar da yawa tun daga 2021. Amma a Janairun 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta sa Hesai cikin jerin kamfanonin da ta ce suna da alaƙa da sojan Sin. Kamfanin ya musa, ya kai ƙara kotu. Na'urar da ke zana siffar ko wane titi da ko wane gini, ba ko wace gwamnati ke sakin jiki da ta baƙo ba. A ɗaya gefen kuwa ciniki bai zo wa kamfanonin Amurka da wuri ba, har Velodyne da ya fara aikin ya haɗe da abokin hamayyarsa Ouster a 2023.

Inda Ta Sami Shiga

Abin lura shi ne, duk inda waɗannan cikas ba su da ƙarfi, laida ta shiga ba gardama. Cikin ɗaki ba hazo, ba gudu, nisa kuma kaɗan ne, don haka ƙananan injunan shara masu yawo da kansu suka daɗe da samunta, a 2020 kuma kamfanin Apple ya sa ta a iPad Pro da iPhone 12 Pro. A aikin safiyo, matuƙin jirgi ya kan zaɓi ranar da sarari ya yi garau, kuɗin na'ura guda kuma ya rabu a kan ƙasa mai faɗi. Hukumar muhalli ta Ingila tana auna ƙasa da ita daga jirgi tun 1998 don sanin inda ambaliya za ta bi. A 2018 masu binciken kufai suka bayyana cewa sun gano gine-gine fiye da 60,000 na mutanen Maya a ƙarƙashin kurmin Gwatamala, gama hasken yana bin tsakanin ganyaye ya taɓa ƙasa. Mota ce ta tara wuya duka wuri guda: tana son araha, da ƙarko, da gani mai nisa, cikin ko wane irin yanayi, a tsakiyar mutane.

Sabo da haka duk hukuma, ko kamfanin sufuri, ko mai mota da aka kawo wa tallan irin wannan na'ura, yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Nawa ne kuɗinta, nawa ne na gyaranta, wa zai gyara? Mita nawa ta ke ganin baƙin abu, ba fari ba? An gwada ta cikin ƙura da ruwa irin na wurin da za ta yi aiki? Tana da takardar shaidar cewa ba ta cutar ido? In ta gaza, me motar za ta yi, wa kuma zai ɗauki alhaki? Mai talla na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan ba.

Direban da motarsa ta riga ta zo da ita kuwa, ya riƙa goge gilashinta kamar yadda ya ke goge fitila, ya karanta sharuɗɗan da masu ƙira suka rubuta, kada kuma ya ɗauke idonsa daga hanya sai inda doka da littafin motar suka yarda. Cikin hazo ya rage gudu kamar dā.

Iyakar bayanin ke nan.